Shin ƙwayar Higgs ita ma tana da 'ya'yan ciki? Muhawara a zauren malaman kimiyya na Kaduna

Malamin Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ɗaliba 'yar aji shida ta jefo mini tambaya jiya bayan an tashi, kuma har na hau babur na isa gida ban daina juya ta a raina ba. Na koya musu cewa zarra tana da cibiya, cibiyar kuma firoton ce da niyutiron, sai na ƙara musu da abin da ba ya cikin manhaja, cewa kowane firoton kwak uku ne a ɗaure wuri guda, biyu na sama, ɗaya na ƙasa. Yarinyar nan ta je ta binciko adadi a wayar yayanta, ta dawo da 'yar takarda a hannu. A ma'aunin MeV, wanda ake auna makamashi da nauyin ƙwayoyi da shi, kwak na sama nauyinsa 2 ne da 'yan kai, na ƙasa bai cika 5 ba, idan aka haɗa ukun ba su wuce 9 ba, alhali firoton ɗin kansa 938 ne. Ta ce, "Malam, idan na zuba mudu uku a buhu, ta yaya zan auna in sami mudu ɗari uku?" Na ce mata sauran makamashin ɗauri ne, amma na ga a fuskarta ba ta gamsu ba, ni ma kuwa ban gamsu da kaina ba. Kafin ta fita ta ƙara da cewa, tunda firoton da aka ɗauka shi ne ƙarshe ya fito da 'ya'yan ciki, me ya hana kwak da ilaktiron da ƙwayar Higgs da aka gano a 2012, wadda filinta ke ba kwak da ilaktiron nauyinsu, su ma su kasance haɗe-haɗe ne? Dakta, da ku nake.

Dakta na Malali:
Wa alaikumus salam Malam. Ka riƙe yarinyar nan da kyau, domin tambayarta ta biyu har yau a buɗe take a manyan ɗakunan bincike. Bari in fara da buhun. Matsalar misalin ita ce masara a buhu kwance take shiru, su kuwa kwak ba sa kwanciya. An tsare su a wani fili da daga tsakiyarsa zuwa bakinsa bai cika femtomita 1 ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na mita, kuma ƙa'idar Heisenberg ta 1927 ta nuna cewa duk abin da aka ƙuntata wa wuri, motsinsa ƙaruwa yake yi. Saboda haka suna kai da kawo da gudun da ya kusa na haske, a tsakaninsu kuma ga guluwon, wato 'yan aiken ƙarfin ɗauri, su ma ɗauke da makamashi mai yawa. Einstein ya riga ya nuna mana cewa makamashin da ke kulle cikin abu nauyi ne idan aka ɗora abin a ma'auni. Ka ga kenan kusan kashi 99 cikin ɗari na nauyin firoton daga wannan tashin hankali na ciki ya fito. Idan mutum ya hau sikeli a asibiti, kilon da allura ta nuna aikin ƙarfin ɗauri ne, rabon Higgs a ciki kaɗan ne ƙwarai.

Shi ma firoton ɗin bai fallasa kansa lokaci ɗaya ba. A 1933 Otto Stern ya auna ƙarfin maganaɗisunsa a Hambag ta Jamus, ya tarar ya ninka abin da ake tsammani daga ƙwaya tilo fiye da sau biyu, adadin da aka tabbatar a yau shi ne 2.79. Niyutiron kuwa, wanda ba shi da cajin lantarki, sai ga shi da maganaɗisu, abin da ba ya yiwuwa sai in akwai masu caji suna motsi a cikinsa. A 1964 Gell-Mann da Zweig, kowa da kansa, suka kawo shawarar kwak, sannan a 1968 aka harba ilaktiron masu tsananin gudu a kan firoton a cibiyar SLAC ta Amurka, aka ga wasu suna kaucewa da ƙarfi kamar sun ci karo da tsakuwa a cikin tuwo.

Injiniyan Kakuri:
Dakta, a yi mini afuwa, akwai inda bayanin nan ya saɓa wa abin da aka koya mana. Mu abin da muka sani shi ne ɗauri rage nauyi yake yi, ba ƙarawa ba. Idan firoton da niyutiron suka haɗu suka zama cibiyar diyutiriyom, wato haidirojin mai nauyi, nauyin haɗin yana gaza jimillar su biyun da MeV 2.2, kuma a kan irin wannan giɓi ne aka gina duk wata tukunyar nukiliya, har da 'yar ƙaramar da ke cibiyar binciken makamashi ta Zariya. To ta yaya a nan ɗauri yake ragewa, a can cikin firoton kuma yake ninkawa sau ɗari? Na biyu kuma, ni mutumin Panteka ne a tunani. Idan ka ce wa bakanike akwai boris a cikin abu, zai ɗauko sifana ya kwance ya ɗora maka shi a tafin hannu. Shekara sittin ana maganar kwak, ba wanda ya taɓa ware guda ɗaya ya ajiye shi gefe. Gani ya kori ji.

Dakta na Malali:
Injiniya, tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce. Giɓin nauyi da ka ambata ana auna shi ne idan aka kwatanta haɗin da sassansa bayan an raba su nesa da juna, inda jan da ke tsakaninsu ya mutu. Wannan yana yiwuwa ga firoton da niyutiron, domin jan nasu yana gushewa da nisa. Kwak ba haka suke ba. Guluwon suna jan junansu su ma, saboda suna ɗauke da irin cajin da suke isarwa, wanda aka sa wa suna launi, alhali haske ba ya ɗauke da cajin lantarki. Sakamakon haka layukan ƙarfin ba sa bazuwa ko'ina, sai su dunƙule su zama kamar robar da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. Kana ja, tana riƙewa da ƙarfi ɗaya, kimanin GeV 1, wato MeV 1,000, a kowane femtomita, wanda idan aka mayar da shi ma'aunin da muka saba ya kai nauyin tan 16 a tsakanin abubuwa biyu da ido ba zai taɓa gani ba. Babu nisan da za ka kai ka ce jan ya mutu, don haka babu wani ware-waren kwak da za ka kwatanta firoton da su ka ce ya gaza. Idan ka matsa da ja, makamashin da ka zuba a robar yana isa ya haifi sabon kwak da kishiyarsa, wato irinsa mai akasin caji, robar ta tsinke, kowane ɓari ya fito da kwak a bakinsa. Ka taɓa fasa maganaɗisun tsohuwar lasifika kana neman ɓarin da arewa kaɗai gare shi? Kowane guntu sai ya fito da arewa da kudu.

A ɗaya gefen kuma, a 1973 Gross da Wilczek da Politzer suka nuna cewa ƙarfin nan raunana yake yi idan kwak suka kusanci juna sosai, shi ya sa a gwajin SLAC suka yi kama da sakakku. An ba su lambar Nobel a 2004. Inda ƙarfin ya tsananta kuwa lissafin alƙalami ba ya aiki, sai dabarar da Kenneth Wilson ya kawo a 1974, ta yanka sarari da lokaci gida-gida kamar raga a miƙa wa kwamfuta. A 2008 aka fitar da nauyin firoton da danginsa ta wannan hanya, ya dace da gwaji da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari. Wannan shi ne sifanar da muke da ita. Amma hujjar lissafi tsantsa ta dalilin da ya sa irin wannan ka'ida take haifar da nauyi tana cikin matsaloli bakwai da cibiyar Clay ta sa wa dala miliyan ɗaya kowace a shekarar 2000, kuma har yau kuɗin na nan.

Ɗalibin Rigasa:
Allah ya ƙara wa Dakta ilimi. Ina aji uku a sashen fiziks, kuma akwai abin da ya tsaya mini a teburin ƙwayoyi. Payon mai caji kwak na sama ne da kishiyar na ƙasa, nauyinsa MeV 140. Ƙwayar ro mai caji ita ma waɗannan biyun ne dai, amma nauyinta 775. Idan ɗauri ne ke kawo nauyi, kuma kowane kwak a cikin firoton yana ɗaukar kamar 300, ai kamata ya yi payon ya kai 600. Me ya sa shi kaɗai ya yi sauƙi haka?

Dakta na Malali:
Madalla ƙanena, ka kawo mu daidai ƙofar tambayar yarinyar nan ta biyu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya fara gano dalilin sauƙin payon shi ne Yoichiro Nambu a 1960, bayan ya yi nazarin ka'idar da Bardeen da Cooper da Schrieffer suka fitar a 1957 kan ƙarafan da wuta ke bi ba tare da turjiya ba idan sun yi tsananin sanyi.

Ka ɗauki malfa ka ajiye ta a ƙasa, irin wadda bakinta ya ɗan tanƙwaro sama, ta yadda akwai tudu a tsakiya da kwari zagaye da shi. Ka ɗora ƙwayar boris a kan tudun. Malfar ba ta fifita gabas a kan yamma ba, amma boris ɗin ba zai zauna a sama ba, dole ya gangaro ya zaɓi gefe ɗaya. Daidaiton yana nan a malfa, amma ya karye a wurin zaman boris. Yanzu idan kana son tura shi ya hau tudu ko ya hau baki, sai ka sa ƙarfi, wannan ita ce ƙwaya mai nauyi. Idan kuwa zagaye kwarin za ka tura shi, ko hura shi ka yi zai tafi, wannan ita ce ƙwaya marar nauyi, wadda ake kira da sunan Nambu da Goldstone. A cikin ka'idar kwak akwai wani daidaito tsakanin masu juyin hagu da masu juyin dama, ƙarfin ɗauri da kansa yake karya shi ta hanyar cika sarari da tagwayen kwak da kishiyarsa, su kuwa payon uku su ne tafiya a cikin kwarin. Da kwak ba su da nauyin kansu ko kaɗan, da payon ba shi da nauyi sam. 'Yan MeV ɗin nan da ɗalibar Malam ta rubuto su ne suka ɗan karkata malfar, har payon ya sami 140.

To ga inda Higgs ta shigo. Nauyinta GeV 125 ne, kuma ba ta da juyi, wato halin nan na ƙwaya mai kama da juyawa a kan kanta. A ka'ida, ƙwaya tilo marar juyi babu abin da ke kare nauyinta, duk wani abu mai nauyi da ke can sama yana jan sa zuwa wurinsa, har zuwa ma'aunin Planck da ya kai GeV 10 sau kansa 19. Kafin ta zauna a 125 sai an sami manyan adadi biyu da suka soke juna daidai har lambobi sama da 30. Firoton ba shi da wannan damuwa, domin ƙarfin ɗauri a hankali yake ƙaruwa yayin da ake saukowa, sai an yi tafiya mai nisan gaske kafin ya tsananta, kuma a inda ya tsananta a nan nauyi ke fitowa. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1970 Steven Weinberg da Leonard Susskind suka ce, me zai hana a ce akwai wani sabon ƙarfin ɗauri a sama, mai nasa kwak ɗin, wanda shi ke ba W da Z, 'yan aiken ƙarfin nukiliya mai rauni, nauyinsu? Har ma an lissafa cewa ko babu Higgs, ƙarfin ɗaurin da muka sani zai ba W nauyin kimanin MeV 30, alhali abin da aka auna GeV 80 ne. Ma'aunin payon, wato girman karyewar daidaiton da ta haife shi, MeV 93 ne, wanda ake buƙata GeV 246, wato a ninka komai sau 2,600 ko kusa. Wannan shawara ta sabon ƙarfin ɗauri ita ake kira teknikala.

Malama ta Unguwar Rimi:
Dakta, ranka ya daɗe, ka ba da labarin haihuwar teknikala, ka bar mini labarin jinyarsa, kuma zan bayar domin a kan wannan fanni na yi karatun digirina na biyu. Ka'idar ta iya ba W da Z nauyi, amma ba ta da hanyar ba ilaktiron da kwak nasu. Sai Dimopoulos da Susskind a 1979, da Eichten da Lane a 1980, suka ƙara wani ƙarfi a samansa domin ya haɗa ƙwayoyinmu da sababbin. Nan aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, domin wannan ƙarin yana sa ƙwayar kayon marar caji, wata 'yar uwar payon, ta riƙa rikiɗa zuwa kishiyarta da saurin da ya zarce abin da aka auna. Idan ka tura sabon ƙarfin can sama don ka kauce wa haka, nauyin da zai ba kwak sai ya yi ƙanƙanta, ga kuma kwak na ƙoli, wani iri daban da na sama, da aka gano a cibiyar Fermilab ta Amurka a 1995 da nauyin GeV 173, wanda ya ninka firoton fiye da sau 180. Aka zo aka yi masa faci da abin da ake kira teknikala mai tafiyar hawainiya, inda ƙarfin ke daɗewa bai sauya ba. Sannan a 1990 Peskin da Takeuchi suka fito da ma'aunin da ake kira S, mai auna tasirin sababbin ƙwayoyi a kan W da Z, wanda na'urar LEP da ke bakin Jeneba ta gwada da tsananin daidaito tsakanin 1989 da 2000, kuma teknikala mai kwaikwayon kwak bai tsallake ba. Abin da ya yi hasashe shi ne wata ƙatuwar ro a wajajen TeV 2, wato GeV 2,000, babu ƙwaya mai sauƙi marar juyi. Ranar 4 ga Yulin 2012 gwaje-gwajen ATLAS da CMS na na'urar LHC mai gwabza firoton suka sanar da ƙwaya mai sauƙi marar juyi, mai hali irin wanda Daidaitaccen Tsari, wato babbar ka'idar ƙwayoyi da ake aiki da ita, ya faɗa. Ni a wurina amsar da za a ba yarinyar nan ita ce, gwargwadon abin da aka auna, Higgs ƙwaya ce tilo.

Dakta na Malali:
Malama, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ban kuma zo tayar da mamaci ba. Teknikala na asali ya mutu. Amma ki duba cewa abin da ya kashe shi shi ne samun ƙwaya mai sauƙi, mu kuwa yanzu muka gama bayanin yadda ƙarfin ɗauri yake haifar da ƙwaya mai sauƙi. Tun 1984 David Kaplan da Howard Georgi suka ce Higgs ɗin kanta tana iya zama payon na sabon ƙarfin, wato tafiya ce a kwarin wata malfa mafi girma. A 2005 Agashe da Contino da Pomarol suka fitar da tsari mafi ƙanƙanta na wannan tunani, inda wani babban daidaito da ake kira SO(5) yake karyewa zuwa ƙarami mai suna SO(4), ya bar ƙwayoyi huɗu cif, daidai adadin da filin Higgs yake da shi, uku W da Z su haɗiye, ɗaya ta rage a gani.

Nauyin nata kuma daga ina? Muna da misali a hannu. Payon mai caji ya fi marar caji nauyi da MeV 4.6, kuma mafi yawan wannan bambanci wutar lantarki ce ta kawo shi, domin ita ma tana karkata malfar. Haka ake cewa W da Z da kwak na ƙoli su ne ke karkata babbar malfar su ba Higgs nauyinta. Matsalar nauyin kwak kuma, Kaplan ya kawo mata wata mafita a 1991, cewa kowane kwak gauraye ne na ƙwaya tilo da haɗaɗɗiya, wanda gaurayensa ya fi yawa shi ya fi nauyi, na ƙoli shi ne kusan ɗan gida. Abin da ke sa ni karkata nan ba son zuciya ba ne kawai. Kafin 2012, duk wata ƙwaya marar juyi da aka taɓa ganowa, payon ne ko kayon ko wadda ake kira eta, haɗaɗɗiya ta fito. Kuma a cikin ƙarfen da wuta ke bi ba turjiya, inda aka fara ganin irin aikin da Higgs ke yi, abin da ke aikin tagwayen ilaktiron ne a haɗe.

Malama ta Unguwar Rimi:
Na yarda tunanin yana da kyau, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsarin nan yana da alkawura biyu da za a iya binsa bashinsu. Na farko, haɗuwar Higgs da W da Z za ta gaza ta Daidaitaccen Tsari da gwargwadon da ya dogara da 246 a raba da ma'aunin sabon ƙarfin, a ninka amsar sau kanta. An auna wannan haɗuwa da daidaiton kimanin kashi 10 cikin ɗari, ba a ga giɓi ba, don haka dole ma'aunin ya ninka 246 kamar sau uku ko fiye. Na biyu, domin Higgs ta tsaya a 125, lissafi yana son a sami abokan kwak na ƙoli masu nauyin da bai yi nisa da TeV 1 ba. An neme su a LHC, zoben nan mai kilomita 27 da ke bakin Jeneba, wanda ya fara gwabza firoton a TeV 13.6 a 2022, kuma iyakar da aka sa musu ta riga ta haura TeV 1. Duk sanda aka matsa iyakar, sai a ƙara gyara adadi da hannu don tsarin ya rayu, alhali gudun gyaran hannu ne ya sa aka ƙirƙiro shi tun farko.

Dakta na Malali:
Gyaran kashi kaɗan cikin ɗari daban, gyaran lambobi 30 daban, Malama. Amma na karɓi cewa tsarin yana cikin matsi, kuma idan aka ƙara wa LHC yawan gwabzawa kamar yadda ake shiri, aka auna haɗuwar nan zuwa kashi kaɗan cikin ɗari ba a ga komai ba, ni da kaina zan zo zauren nan in sauke hula. Abu ɗaya da nake so ki lura da shi shi ne, hukuncin S da aka yanke wa teknikala an gina shi ne a kan zaton cewa sabon ƙarfin zai yi hali irin na kwak ɗinmu. Ka'idar launi uku tana riƙe raunin nan da ƙarfin ke yi idan kwak suka kusanci juna har zuwa kwak iri 16, kuma halinta yana sauyawa sosai yayin da adadin ke ƙaruwa. Lissafin raga da aka yi da iri 8 ya nuna wata ƙwaya marar juyi da sauƙinta ya kusa na payon, abin da ba a gani a tamu. Ƙarfin ɗauri guda ɗaya tak muka sani a zahiri, bai kamata mu yanke wa dukan dangi hukunci da halin ɗa guda ba.

Baba na Kawo:
'Ya'yana, ina biye da ku ko da yake idona ba ya jure wayar nan da daddare. Kun tsaya a kan Higgs, kun bar rabin tambayar yarinya, wato kwak da ilaktiron. Lokacin da muke ɗalibai sunan Abdus Salam ne a bakinmu, saboda Nobel ɗin da ya samu a 1979 da kuma cibiyar da ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964, wadda masana daga ƙasashe irin namu suke zuwa. Shi da Jogesh Pati ne a 1974 suka kawo shawarar cewa kwak da ilaktiron an gina su ne da wasu ƙananan abubuwa da aka kira firiyon. A 1979 Haim Harari da Michael Shupe, kowa daban, suka rage su zuwa biyu kacal, ɗaya mai sulusin caji, ɗaya marar caji, waɗanda Harari ya kira T da V. Uku na T su ba ka kishiyar ilaktiron, T biyu da V ɗaya su ba ka kwak na sama, V uku su ba ka niyutirino. Na tuna yadda abin ya burge ni, domin ya bayyana dalilin da ya sa cajin firoton ya yi daidai da na ilaktiron ba ƙari ba ragi, kuma ya ba da fatan gane dalilin da ya sa iyalan ƙwayoyi suka zo uku. Dakta, ina aka kwana da wannan?

Dakta na Malali:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙa'idar Heisenberg da na buɗe da ita ce ta tare masa hanya. Gwajin na'urar HERA ta Hambag ya nuna cewa idan kwak yana da girma, to bai kai kashi ɗaya cikin dubu na firoton ba, maganaɗisun ilaktiron kuma ya dace da lissafin ƙwaya tilo har lambobi goma ko fiye. Duk abin da aka tsare a wuri mai wannan ƙanƙanta makamashinsa zai kai ɗaruruwan GeV, alhali ilaktiron rabin MeV ne kacal. Wato akasin buhun yarinyar nan ne, an zuba tan guda an auna an sami mudu. Gerard 't Hooft ya nuna a 1979 sharuɗɗan da dole a cika kafin ƙarfin ɗauri ya haifi ƙwayoyi masu rabin juyi marasa nauyi, kuma samun tsarin da ya cika su, ya ba da iyalai uku da nauyinsu, bai kuma sa firoton ya lalace ba, ya gagara har yau. Wannan ne ya sa shari'ar Higgs ta bambanta, ita tana da malfar da za ta kare sauƙinta, kuma mun ga irin haka da idonmu a payon.

Ɗalibin Rigasa:
Ranku ya daɗe, in ƙara wani abu da na karanta wanda ya rikita mini ma'anar haɗaɗɗiya ita kanta. A 2003 gwajin Belle na Japan ya gano wata ƙwaya da ake kira X(3872), wadda nauyinta ya faɗi kusan daidai da jimillar wasu mison biyu na dangin D, mison kuwa ƙwaya ce mai kwak da kishiya kamar payon. Wasu suna cewa kwak huɗu ne a dunƙule, wasu suna cewa mison biyu ne da ke riƙe da juna sako-sako kamar firoton da niyutiron a diyutiriyom. A 2015 kuma gwajin LHCb da ke LHC ya ga masu kwak biyar. Idan a cikin ƙarfin da muka san ka'idarsa ana ta gardama sama da shekara 20 kan yadda abu ya haɗu, ta yaya za a gane na Higgs?

Malama ta Unguwar Rimi:
Tambaya ce mai kyau ƙanena, kuma akwai hanya. A 1965 Weinberg ya nuna cewa ana iya tabbatar da diyutiriyom haɗaɗɗe ne ba tare da an kwance shi ba, ta hanyar duba yadda firoton da niyutiron ke karo da juna a ƙaramin gudu a kwatanta da MeV 2.2 ɗin da Injiniya ya ambata. Irin wannan ma'auni ake gwada wa X ɗin taka. Ga Higgs kuwa, abin dubawa shi ne karon W da W a babban makamashi. Idan tilo ce, tana soke ƙaruwar karon gaba ɗaya. Idan haɗaɗɗiya ce, sokewar ba za ta cika ba, karon zai ci gaba da ƙaruwa har sai sababbin ƙwayoyi masu nauyi sun bayyana, kamar yadda ro take bayyana a karon payon da payon. A nan ni da Dakta ba mu da saɓani, a abin da za a gani ne kawai muka rabu.

Malamin Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Yau da safe na kira yarinyar ofishin malamai na ba ta adadi ɗaya, 197, wanda idan aka raba shi da faɗin wuri a femtomita yake ba da makamashi a MeV. Ta ɗauki biro ta raba 197 da 0.84, ta sami 234, ta ninka sau uku ta sami ɗari bakwai da 'yan kai. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce saura fiye da ɗari biyu kafin 938, ina suka shiga? Na ce ta tambayi guluwon. Dakta, lissafin nan ya halatta a koyar da shi a aji, ko na yi ganganci?

Dakta na Malali:
Ya halatta matuƙar ka gaya musu ƙiyasi ne na girman abu, ba lissafin ƙarshe ba, domin adadin yana iya ninkawa ko ya ragu da rabi gwargwadon yadda aka fassara faɗin wurin. Ka ce mata ta sake yin sa da femtomita 0.001 a madadin 0.84, ta ajiye amsar kusa da rabin MeV na ilaktiron, za ta ga da kanta abin da na gaya wa Baba. Idan ta gama, ka ba ta wannan ta kwana da shi: niyutiron ya fi firoton nauyi da MeV 1.3, alhali firoton ne ke da caji, kuma caji ƙara makamashi yake yi. Amsar tana cikin adadi biyun farko da ta rubuto daga wayar yayanta. Ka turo mana abin da ta ce ranar Litinin.